Ba a Juya wa Ɗan Gida Takalmi

Duk wanda ya taɓa yin sallar Juma'a a Kukar Ramalan, ɗan ƙauyen nan da ke maƙale a gindin dutse tsakanin Zinyau da hanyar Kibiya, ya san abin da zai tarar. Zai shiga masallaci ya watsar da takalmansa yadda ya ga dama, ɗaya gabas ɗaya yamma, in ya fito ya same su a jere suna kallon waje, sai dai ya zura ƙafa ya kama gabansa. Baƙo yakan tsaya yana waige-waige. 'Yan gari kuwa ko a jikinsu, sun san aikin Malam Ishiyaku ne, wanda kullum shi ne na ƙarshen shiga sahu. Yara suna kiransa Sarkin Takalma. In ya ji sai ya ɗaga sanda kamar zai kai duka, alhali kowa ya san sunan daɗi yake masa.

Asalinsa ba ɗan garin ba ne. Iyayensa makiyaya ne da suka zauna wajen Yalwa, wata shekara ciwo ya faɗa wa garke ya share shanun tas, ko na yanka bai bari ba. Ishiyaku yana saurayi ya biyo wani kawunsa zuwa gidan Dagaci Muhyiddeen neman ƙodago. Gona aka kai shi, amma bai yi damina guda a can ba Dagaci ya lura da nutsuwarsa, ya ce a bar masa wannan a zaure.

A zauren nan ya koyi dokar gidan, kuma ita ce ta zama dokar rayuwarsa. Baƙo in ya shiga, a juya masa takalmi ya kalli waje, don mai tafiya ne, kada a sa shi sunkuyo. Takalmin maigida ba ya ma taɓa zama a ƙasa, ɗauka ake yi a riƙe. Na barorin gida kuwa yana can lungu jikin bango, yana kallon ciki, ba mai taɓa shi. Tsohon baran da ya koya masa ya ce, "Ɗan gida ba a juya masa takalmi, yaro. Ina za shi?"

Ana nan Allah ya yi wa matar Dagaci rasuwa, ta bar ɗa namiji da ba a daɗe da yaye shi ba, sunansa Amiru. Mata sun yi iya yinsu, yaro ya ƙi kowa, kuka yake har muryarsa ta dushe. Wata safiya ya rarrafo zaure ya kama ƙafar Ishiyaku ya yi tsit. Dagaci ya dube su ya ce, "To, ga naka nan."

Kai, an ga ikon Allah a gidan nan! Yaro da majina a hanci, bakinsa bai ma iya faɗin Ishiyaku ba sai Shaku, amma mulki kamar ya gaji Rano da kewaye. "Shaku, ruwa!" "Shaku, kokon nan da zafi!" "Shaku, takalmina!" Shi kuma ƙaton mutum da gemunsa sai ya durƙusa ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Fadawan Dagaci su yi ta dariya har da riƙe ciki. Da damina in rafi ya kawo, a wuya yake ɗaukarsa ya haye da shi makarantar firamare ta Zinyau, ya zauna gindin darbejiya har a tashi. Amiru ya kai aji shida bai iya ɗaure igiyar kambas ɗinsa ba, kuma ba daƙiƙanci ba ne, Ishiyaku ne ya hana shi koyo. Akwai ranar da yaron ya tashi da rigimar sai ya ci kanya, ana tsakiyar damina. Ishiyaku ya taka a ƙafa har kasuwar Kibiya, ya zagaye ta kaf, ya samo busasshiya wajen wata tsohuwa mai kayan ƙwalam. Ya dawo tsamo-tsamo da ruwan sama, Amiru ya dubi ƙullin ya ce ai shi yanzu alewa yake so. Matar Ishiyaku, Lubabatu, ta ce, "Wallahi da ɗanka ne da ka fasa masa baki." Ishiyaku ya yi murmushi ya ce ina ruwanta, ya juya ya tafi neman alewa.

To, yaro dai ba ya zama yaro. Aka kai Amiru makarantar kwana, daga nan Kano, daga Kano sai ƙasar waje karatun likita. Dagaci ya rasu, Amiru ya zo cikin taron jama'a, manyan mutane suka kewaye shi, kafin Ishiyaku ya samu su keɓe har ya koma. Sarauta ta koma hannun ƙanin marigayi, wanda ya gina nasa gidan na bulo a bakin titi. Tsohon gida ya watse, mata suka koma wajen 'ya'yansu, barori kowa ya nemi abin yi. Lubabatu ma ta bi sahu ta bar duniya. Ishiyaku kaɗai ya rage. Kullum da hantsi zai buɗe zaure ya share, ya shiga ɗakin Amiru ya kakkaɓe shimfiɗa, ya ajiye nasa silifas ɗin a lungun nan na zaure jikin bango, ya zauna.

Kada wani ya ce Amiru butulu ne, ba haka ba ne. Duk azumi sai buhunan hatsi sun iso, duk sallah sai shadda. Yakan ma bugo waya ta hannun maƙwabta ya ce, "Baba Ishiyaku, ya ƙarfin jiki?" Shi kuma ya amsa da ladabi, ya yi godiya, ya sa albarka. In an kashe wayar sai ya zauna ransa ba daɗi. Kewar yaron ke cinsa, kuma ba gaisuwa yake nema ba. Abu ɗaya yake so kafin ya mutu: ya sake jin an ƙwala masa "Shaku!" an aike shi, ko da ɗebo ruwa ne a randa.

Bara waccan ne jikarsa Afra'u ta gama sakandare a Rano, iyayenta suka turo ta ta riƙa yi wa tsoho girki kafin sakamako ya fito. Yarinya ce mai baki kamar reza, ga wasan jika da kaka ba ya ƙarewa tsakaninsu. Shi ya ce mata Amarya, ita ta ce masa Angon-ƙarfe. Abin da ya haɗa su faɗa tun farko waya ce. Ta zo da wata mai fasasshen gilashi, cike da fina-finan zane, wato katun na Japan, da take karɓowa wajen masu tura fim a kasuwar Rano. Da ta sauke tukunya sai ta miƙe ƙafa a zaure, wasu muryoyi su yi ta ƙyaƙ-ƙyaƙ da yaren da ba wanda ya sani.

"Amarya, ƙatuwa da ke kina kallon 'yan tsana?"

"Ba 'yan tsana ba ne, Angon-ƙarfe. Wannan ko kai ka kalla sai ka yi mafarki."

"Labarin me ye?"

Ta ce labarin wani yaro ne ɗan babban gida, maraya, an kashe iyayensa an bar masa dukiya da maƙiya. Yana da hadimi guda, dogo, mai baƙaƙen kaya, wanda ba abin da ke gagararsa. Amma hadimin ba mutum ba ne, aljani ne. Sun yi alkawari zai yi wa yaron hidima, ba zai taɓa barinsa ba, har ranar da buƙatar yaron ta biya, sannan ya ɗauke ransa.

"A'uzu billahi!" in ji Ishiyaku. "Fitar mini da shi daga zauren Dagaci."

Ba ta fita ba, don ta san shi. Ya kawar da kai yana jan carbi, yana tsaki, amma wutsiyar idonsa tana kan wayar. Can sai aka nuno safiya a gidan yaron. Hadimin ya buɗe labule, ya kawo shayi, yaron ya zauna bakin gado ya miƙo ƙafa ko kallonsa bai yi ba. Dogon nan ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya sa masa takalmi, ya ja igiya ya ɗaure.

Carbi ya tsaya a hannun Ishiyaku.

"Mayar da shi baya."

Ta mayar. Ya matso har gemunsa na taɓa kafaɗarta. Ya ce, "Kin gani? Diddige ya fara tallafa. Wanda bai sani ba yatsu yake fara turawa. Wannan la'anannen ya san aiki."

Shi ke nan, tsoho ya kamu. Kullum bayan la'asar, in an dawo daga gona gari ya yi sanyi, sai ka ji shi yana cewa, "Amarya, ina mutumin namu?" Ita ke karanta Turancin da ke gudu a ƙasan hoton tana mayar masa da Hausa, rabi fassara rabi ƙari, don ba a raba Afra'u da gishiri. Kashe-kashen da ke ciki da kaburbura da jajayen idanu ba su dame shi ba, in an zo nan sai ya ce a wuce. Shi dai a nuna masa inda ake zuba shayi, inda ake riƙe lema, inda yaron ke ɗaga murya ya ba da umarni hadimin ya dafa ƙirji ya sunkuya. Nan ne idonsa ke kawo ruwa, ya ce hayaƙin murhunta ne.

Wata rana Afra'u ta ce, "Ni fa tausayin yaron nake ji. Duk hidimar nan ba don Allah ba ce, jira yake ya cinye shi."

Ishiyaku ya ce, "Haka ne, mugu ne. Amma kin taɓa ganin an kira shi bai zo ba?"

"A'a."

"Kin taɓa ganin rana ta fito ta faɗi ba a kira shi ba?"

Ta dube shi, ta ga ba wasa a fuskarsa, ta ci gaba da fassara.

Ana cikin haka, dawa ta fara fitar da kai, labari ya zo cewa Likita Amiru ya dawo ƙasar, zai zo ɗaurin auren 'yar baffansa ranar Juma'a, kuma ya ce zai biyo tsohon gida. Wayyo, zo ka ga tsoho ya koma saurayi! Ya sa aka yi wa zaure sabon daɓe. Ya fito da tabarmar Dagaci ya shanya. Ya aika Afra'u wajen Fulanin Dawaki ta yi masa alkawarin kindirmo mai kyau, don Amiru ba ya shan tsala. Ya wanke tsohon kofin silba da toka har yana ɗaukar ido. Har da gwajin durƙuso yake yi a ɓoye yana dafa bango, don gwiwoyin sun daɗe da yi masa tawaye. Afra'u ta kama shi sau ɗaya, ta ce, "Angon-ƙarfe, in ka ƙage a nan ba mai ɗaga ka." Ya ce ta rufe masa baki.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mota ta tsaya ƙofar gida. Wani mutum ya fito, kakkaura, da furfura jefi-jefi a gemu, da tabarau. Ishiyaku ya yi tsaye yana neman yaronsa a fuskar nan, sai da mutumin ya yi dariya sannan ya gan shi, ga wushiryarsa ta ƙuruciya ba ta je ko'ina ba. Ya tako da sauri, Amiru ya sa ƙafa a dokin ƙofa zai tuɓe takalmi, tsoho ya fara sunkuyawa, hannunsa har ya kusa kai wa diddige.

"Subhanallahi! Baba, haba!" Amiru ya riƙo shi da hannu biyu ya ɗago shi. "Ni za ka sunkuya wa? Allah ya kiyaye. Wallahi ba za a yi haka ba."

Kafin Ishiyaku ya ce uffan, likita guda ya zube a gabansa ya gaishe shi, gwiwa biyu a ƙasa, jama'a na kallo suna cewa, "Kai, wannan ɗa ya yi albarka." Ya kama hannunsa ya shigar da shi zaure, ya zaunar da shi a kan tabarmar Dagaci, wurin da Ishiyaku bai taɓa ɗora ko tafin ƙafa ba tun da yake. Shi kuma ya zauna a ƙasa kan daɓe.

Ishiyaku ya yunƙura zai ɗauko fura. "Zauna, Baba, ni zan zuba maka." Ya yunƙura zai kawo ruwan wanke hannu. "Zauna, Baba, ga direba nan." Kofin silbar da aka wanke da toka, a hannun Ishiyaku ya ƙare, Amiru na tsaye a kansa yana cewa ya ƙara ko kaɗan. Ya sha, don ba a ƙin umarni, amma ko ɗanɗanon kindirmon bai ji ba.

Amiru ya yi ta magana, kuma duk maganar alheri ce. Ya ce bai manta rafin Zinyau ba, bai manta kanya ba, har 'ya'yansa yana ba su labari. Ya ce duk abin da ya zama, wuyan Baba ne ya ɗauke shi ya kai shi. Ya duba masa ido, ya danna masa gwiwa, ya ce zai aiko da magani. Sannan ya kawo babbar kyautar da ya zo da ita. Ya ce ya yi magana da baffansa, an samu wanda zai riƙa buɗe gidan nan yana sharewa. "Kai kuma daga yau ka huta. Ka yi mana bauta ta isa. Ba mai sake aiken ka ko nan da can, in dai ina raye."

Ku ji fa! Ka huta. Mutanen yanzu sun ɗauka ba kalmar da ta fi wannan daɗi a kunnen tsoho. Afra'u tana bakin ƙofar cikin gida tana kallon kakanta, ta ga yadda fuskarsa ta canza. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya harare ta, ta haɗiye.

Ishiyaku ya tattaro ƙarfinsa ya gwada sau ɗaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wani abu da kake so a samo maka? Ko daga Kibiya ne. Ƙafata da sauranta."

Amiru ya yi dariya har da ƙwalla, ya riƙe hannunsa ya ce, "Albarkarka kawai nake so, Baba Ishiyaku."

Me zai ce? An gama, ranka ya daɗe, shi ne abin da bakinsa ya saba, shi kuwa ya faɗa. Ya sa masa albarka, ta gaske, har cikin ransa.

Ana jiran Amiru a wajen walima, ya miƙe. Ya hana tsoho rakiya, ya ce ko taku ɗaya kada ya yi. A bakin zaure ya ɗan tsaya, ya sunkuya yana wani abu, sannan ya zura nasa takalmin da kansa ya fita. Mota ta tashi, yara suka bi ta da gudu har kwanar masallaci.

Da ƙarar ta ɓace, Ishiyaku ya sauka daga tabarmar Dagaci, ya naɗe ta ya jingine. Ya nufi lungun da yake ajiye silifas ɗinsa, bai gan su ba. Ya waiga. Ga su can a tsakiyar ƙofa, an ɗauko su an kakkaɓe musu ƙura, an jera su daidai wa daida, suna kallon waje. Amiru ya tuna yadda ake karrama mutum a gidan ubansa, ya yi wa tsohon irin karramawar da ya ga ana yi wa manyan baƙi.

Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Afra'u ta matso a hankali ta ce, "Kaka, bai sani ba ne. Don ya girmama ka ya yi."

"Na sani," in ji shi. "Yaron kirki ne. Ni na raine shi."

Ya dafa bango, ya yi durƙuson nan da ya sha gwadawa, gwiwoyi suna ƙara. Ya ɗauki silifas ɗin ya mayar da su lungunsu, ya juya su suka kalli ciki. Sannan ya zauna a wurinsa na kullum, kusa da ƙofa, inda in an yi kira daga cikin gida zai ji.

La'asar ta yi sanyi, hadari na haɗuwa ta wajen duwatsun Rano. Can ya ce, "Amarya, ina mutumin namu?"

Ta kawo wayar ta zauna kusa da shi, yau ba tsokana. Aka nuno safiya, aka buɗe labule, yaron ya miƙo ƙafa yana ɓata rai, ya daka wa hadimin tsawa a kan shayi ya huce. Ishiyaku ya kalla har aka gama ɗaure igiya.

"Na ce ba," ya ce, "tun da muka fara kallon nan, damina ta kusa fita, yaron nan yana nan yadda yake. A can gaba yana girma?"

"Na kalla har inda aka tsaya, Kaka. Ba ya girma."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Haka masu zanen suka bar shi."

Tsoho ya gyaɗa kai, ya share ido da bakin hannun riga, wannan karon bai ce hayaƙi ba ne.

"Ashe la'anannen ya fi ni sa'a," ya ce. "Mayar mini da shi baya, inda yake kiransa."